Ranar da Okbun Ta Bar Tafarnuwa

A tsibirin Gyodong, idan watan tara na lissafin wata ya kama, shinkafa ta nuna a gonaki har ta sunkuyar da kai, maƙwabtan Chae Okbun sun san za su ji gurnanin dutsen niƙa daga tsakar gidanta. Dutse ne irin na da, biyu a kife da juna, ana zuba ƙwaya ta wani rami a sama, ana juya mariƙin itace da hannu. Kowa a unguwar yana da injin markaɗe. Ita ma 'yarta ta aiko mata da ɗaya daga birni, yana nan a kan firji cikin kwalinsa. Okbun ta ce injin yana dafa waken tun bai kai kasko ba.

Shekarunta saba'in da biyar. Gajeriya ce, mai faɗin tafin hannu, gwiwarta ta hagu ba ta son sanyi. Ta yi noman shinkafa, ta yi ɗinkin barguna a kasuwa, ta haifi uku duk sun watse birane, ta binne miji. Abin da aka san ta da shi ɗaya ne, wainar nokdu, ƙananan koren waken nan. Takan soya ta ranar da aka wuni ana ruwa, da ranar da jikoki suka zo, amma babbar suyarta ta watan tara ce, ranar haihuwar mahaifiyarta. Ba ta cin wainar kowa. Wai dukkansu da fulawa suke cakuɗa ta.

Ba a tsibirin aka haife ta ba. Daga kan tudun da ke bayan gidanta, idan gari ya yi haske, ana hango gonakin Yeonbaek a ɗaya gaɓar, har mutum ya ga ana tura keke a kan hanya. Can ne garinsu. Tana da shekara tara lokacin yaƙin da ya raba ƙasar gida biyu, arewa da kudu, mahaifinta ya shigo kwalekwale da ita da ƙanenta Dalsu, mai shekara huɗu. Mahaifiyar ta tsaya, domin kakarsu tana kwance ba ta iya tashi. Kowa ya ɗauka kwana kaɗan za a yi a dawo, har wasu ba su kulle ƙofa ba. Da aka tsagaita wuta, sai iyaka ta faɗo a tsakiyar ruwan, aka ja waya mai ƙaya a bakin gaɓa. Tun ranar ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda ya zo ya ce ya gan ta. Ko hotonta babu.

Duk shekara, ranar haihuwar, Okbun takan dafa miyar ganyen teku da ake sha a irin wannan rana, ta soya waina, ta ajiye kwano ɗaya a gefen tebur wanda ba mai taɓawa. Sannan ta hau tudu, ta fuskanci arewa, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa sau ɗaya. Mai rai sau ɗaya ake yi masa, mamaci sau biyu. Ba wanda ya taɓa ganin Okbun ta yi na biyu.

Wainar ma ta masu rai ce. Tana zuba mata kimci, wato kabejin da ake tsumawa da yaji, wanda ya yi tsami sosai, da tafarnuwa, da barkono, abubuwan da ba a kai wa teburin magabata, inda ake jera wa mamata abinci, domin warinsu da jansu suna korar baƙin da aka girka abincin dominsu. Mutane suna ci suna santi. Ita kuwa takan gutsuri baki ɗaya, ta tauna, ta girgiza kai.

"Ba ita ba ce," take cewa. "Ta Inna ba haka take ba."

Ba ta koyi wainar a hannun mahaifiyarta ba, shekarunta ba su kai ba. Abin da ta taho da shi ɗanɗano ne a harshe, da tunanin hannunta a ƙarƙashin na Inna a kan mariƙin dutse. Sauran a wajen matan kasuwa ta tsinta. Shekara da shekaru tana bin wannan ɗanɗanon. Ta canja wake, ta canja kasko, ta bar man gwangwani ta koma kitsen alade, ta saye dutsen niƙan daga hannun wata tsohuwa da za ta bi ɗanta birni. Ta ƙara kimci, ta ƙara tafarnuwa, ta ƙara nama. Kullum ƙari take yi.

Ana saura mako guda ranar ta bana, Dalsu ya zo. Gidansa yana ɗaya gefen tsibirin, tsohon mai gyaran injin noma ne, dogo siriri, mai yawan tari.

"Yaya, kina ciki?"

"A'a, na tafi kasuwa. Wa kake jin yana tankaɗe?"

Ya shigo ya dire wani ƙaramin buhu a gabanta. Ta kwance bakin, ta ɗebi waken a tafi, ta murza, ta sansana.

"Ina ka samo?"

"Ni na shuka. A bayan gida."

"Kai? Kai da ko albasa ka shuka sai ta yi yaji ta bar maka gonar?" Ta kalle shi ta gefen ido. "Ruwa ba ya tsami banza. Faɗi abin da ya kawo ka."

Dalsu ya zauna a bakin dakali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Bana Inna ta cika ɗari."

"Na iya lissafi."

"Yaya, wa kika taɓa ji ya kai ɗari a can?"

"Ka je ka ƙirga su ne? Kwanan nan aka nuna wata a talabijin, ta haura ɗari, tana tsinkar barkono da hannunta."

"Waccan tana da asibiti a bakin ƙofa da jikoki goma a kanta." Ya yi tari, ya jira numfashinsa ya dawo. "Ina so mu girka mata teburin magabata. Wanda ba a san ranar mutuwarsa ba, ranar haihuwarsa ake ajiye masa, kin sani. Duk waɗanda muka shigo kwalekwale tare sun yi wa nasu tuntuni. Mu kaɗai muka rage."

"To je ka yi mana. Kai ne ɗa namiji, kana da mata, kana da tebur. Na riƙe maka hannu ne?"

"Matar tawa, maman Gitae, 'yar kudu ce, kifi da kabewa take tsomawa a ƙwai. Baba ya saba da nata tun yana raye, shi ya sa ba na damuwa da teburinsa. Inna fa? Ta zo ta tarar da abincin da ba ta sani ba, a gidan ɗan da ba za ta gane fuskarsa ba? Wainarki nake so. Ba tafarnuwa, ba barkono."

"Wato in soya wa uwata abincin matattu da hannuna."

"Idan tana raye, me muka rage ta da shi? Idan kuma ta tafi, shekara nawa ke nan tana zuwa ƙofarki da yunwa, ta tarar da tafarnuwa, ta juya? Ke kike korar ta, Yaya."

Okbun ta ajiye rariyar da ke hannunta a hankali.

"Ni na goya ka a cikin kwalekwalen nan, kana yi min fitsari a baya. Yau ni nake korar ta. Tashi ka tafi."

Ya tashi. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ɗana Gitae ba zai yi abin da bai ga na yi ba. Idan na tafi ban fara ba, shi ke nan, ba mai zuba mata ko ruwa."

Okbun ta bar shi ya fita. Amma ta leƙa ta kan katanga tana kallon bayansa. Daga ƙofarta zuwa inda ya ajiye babur ba wata tafiya ba ce, gangara ce ma, sai ta ga ya tsaya ya dafa bango, ya jima a haka kafin ya ci gaba. Buhun waken yana nan inda ya dire shi.

Washegari matar Dalsu, Jomrye, ta zo, wai ta kawo kwanon da ta ara. Mace ce mai jiki da murya, shekara arba'in da wani abu suna faɗa da Okbun a kan gishiri.

"Yaya, me kika yi wa mijina? Jiya ko cokali bai ɗaga ba."

"Tambaye shi abin da ya yi mini."

"Ya gaya miki maganar likita?"

"Wane likita?"

Jomrye ta tafa hannu.

"Kin ji mutumin nan! Ya je ya yi ta surutun wake, ya bar muhimmiyar. Huhunsa ne. Sun ce a yi masa aiki bayan girbi, kuma ba su yi mana alkawarin komai ba. Tun bazara ya sani. Shi ya sa ya shuka waken nan, kullum yana tsugune a kansu kamar mai renon jariri."

Okbun ta karɓi kwanon, ta juya shi, ta duba gindinsa kamar tana neman tsaga.

"Ki ce masa zan soya," ta ce daga baya. "Suya kawai. Gwiwata ba za ta taɓa ƙasa sau biyu ba, kada ya sa rai."

Ana gobe ranar ta ɓarza waken sama-sama, ta jiƙa shi da ɗan dintsin shinkafa. Da gari ya waye ya kumbura, ta murza shi tsakanin tafukanta, koren ɓawon ya taso saman ruwa, tana tsiyayewa tana sake zubawa har ƙwayar ta fito fes, ruwan ɗorawa. Dalsu ya yi noma mai kyau, ba tsakuwa, ba ƙwaro. Ba ta yi niyyar gaya masa ba.

Jomrye ta iso da nama da tsiron wake da farin kabeji da ta barbaɗa wa gishiri kawai. Suka zauna a tsakar gida, ɗaya tana juya dutse, ɗaya tana zuba wake da cokali.

"Rage ruwan, maman Gitae. Kunu za mu yi?"

"Yo dutsen naki ne yake kuka kamar an taka masa wutsiya."

"Ya girme ki. Ki zuba kaɗan-kaɗan."

Ƙullun ya riƙa gangarowa ta gefen dutsen, mai kauri, da ɗan tsaki-tsaki a cikinsa yadda haƙori zai sami abin kamawa. Ba a niƙa shi a ajiye, yana tsinkewa ya yi tsami, don haka Okbun ta riga ta hura wuta, ta kifa murfin babbar tukunyar ƙarfe a kan murhu, bayansa a ƙasa. Ta matse kabejin ta yanka, ta zuba tsiron waken da ta ɗan tafasa, ta zuba naman, ta sa gishiri. Sai hannunta ya tafi da kansa wajen kwandon da ke rataye a bango. Har ta ɓare ƙwaya biyu, ta ɗauko taɓarya.

"Yaya!"

Okbun ta dubi tafarnuwar da ke tafinta. Ta mayar da ita cikin kwando, ta je ta wanke hannu da sabulu, ta sansana, ta sake wankewa.

"Dubi abin nan," ta ce tana gauraya ƙullun. "Fari fat kamar mai jinya. Wa zai ci wannan?"

"Ai ba don mu aka yi ba."

Ta goga kitse a murfin har ya narke ya taru a tsakiya, ta ɗebi ludayi guda ta zuba, ta baza shi da bayan ludayin. Ya yi cuwww. Gefen ya fara yin ja, ƙamshi ya tashi. Ta farko ba ta cika fita lafiya ba, ƙarfen bai gama shan mai ba, kuma haka aka yi: da ta zo juyawa sai ta rabe gida biyu. Ba a kai wa magabata karyayyen abu. Ta kwashe ta a gefe, ta gutsuri baki don ta ji gishiri, ta jefa a baki tana ƙoƙarin ɗebo na biyu.

Ludayin ya tsaya a sama.

Abin da ta ji wake ne, da zaƙinsa na ƙasa-ƙasa da ɗan ɗacin da ke biyo baya, sai kitse, sai ruwan kabeji, ba wani abu da ya danne su. Tare da shi ɗakin girkinsu na Yeonbaek ya dawo mata. Hayaƙi, sanyin safiya, kawunnai sanye da fararen riguna suna jeka-ka-dawo a tsakar gida, ana goge kwanonin tagulla da toka. Inna a tsugune gaban murhu, ta waiga ta ga kaka ba ta kallo, ta hura karyayyar wainar ta cusa mata a baki, ta ɗora yatsa a leɓe. Yara ba sa ci kafin magabata.

Su ba masu hali ba ne. Nokdu da naman alade ba sa shiga gidansu sai ranar da za a girka wa kakansu tebur. Inna ba ta taɓa soya wainar nan don biki ko don ranar ruwa ba. Ba ta taɓa sa mata tafarnuwa ba. Gidan mijin Okbun kuwa 'yan coci ne, ba sa girka wa magabata tebur, don haka tun da ta tsallako ruwan ba ta sake tsayawa a kan irin wannan suya ba.

"Yaya, tana ƙonewa! Kaskon yana hayaƙi!"

Okbun ta zuba ƙullun, ta baza. Hannunta yana aiki, idonta yana zubar da ruwa, ta ce hayaƙi ne. Jomrye ta dubi murhun, itacen busasshe ne, wutar tana ci tas, amma a karon nan ta kama bakinta.

Ana cikin haka motar Gitae ta tsaya a waje. Ya taho daga birnin Incheon da sassafe, ya biya ya ɗauko mahaifinsa. Dalsu ya shigo cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa, yana raɓe-raɓe kamar wanda ya zo biko.

"Zo nan," in ji Okbun. "Buɗe bakinka."

"Haba Yaya, ba a ci kafin a kai..."

"Ta farko ta yara ce. Haka Inna take yi. Buɗe, kafin in fasa."

Tsoho mai shekara saba'in ya sunkuya ya buɗe baki, ta cusa masa ragowar. Ya tauna a hankali, ita kuwa tana kallon fuskarsa.

"Ita ce," ta ce. "Wannan ita ce ta Inna. Ka tuna?"

Ya rufe ido, ya yi ƙoƙari. Ba mutum ne mai ƙarya ba.

"Ban tuna ba, Yaya."

"Ina za ka tuna, kana goye kana zubar da yawu. To yanzu ka sani." Ta juya wainar da ke kan wuta, ta fita lafiya, ja-ja-jir, gefenta yana ƙaras-ƙaras. "Waken ba laifi."

Da hantsi suka hau tudun. Gitae ya ɗauki ƙaramin tebur da tabarma, Jomrye ta ɗauki kwanuka, Okbun ta rungumi farantin wainar da ta jera ɗaya kan ɗaya, ta datse gefunan suka yi daidai. Dalsu ya huta a hanya, kowa ya tsaya yana kallon gonaki kamar dama abin da ya fito yi ke nan. A sama iska tana kaɗawa. Ruwa ya janye, laka tana ƙyalli, a can ƙetare ana ganin mutane ƙanana kamar tururuwa suna yankan shinkafa.

Aka girka teburin yana fuskantar arewa. Dalsu ya kunna turare, ya zuba giyar shinkafa a ƙoƙo, ya buɗe kwanon shinkafa ya kafa cokali a tsakiya, ya ɗora sandunan cin abinci a kan wainar. Muryarsa ba ta fita sosai.

"Inna, Dalsu ne. Mun makara. Ga abinci, Yaya ce ta soya."

Ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, ya tashi, ya sake. Gitae ya bi bayansa yana satar kallon yadda uban yake ɗora hannu. Jomrye ta yi nata. Sannan suka ja gefe, ba wanda ya dubi Okbun.

Ta tako kan tabarmar. Ta durƙusa kamar yadda take yi duk shekara, gwiwar hagu tana ƙara, ta kai goshi ƙasa, ta jima. Ta dafa ta miƙe. Ta tsaya tana kallon farantin, tururi yana ɗan tashi daga ta saman, iska tana kwasarsa. Tun tana 'yar shekara tara take cewa in dai ba ta yi na biyu ba, Inna tana can tana jira a bakin ƙofa. Yau ta dubi wainar, ta ga wadda Inna za ta gane ce, kuma ba abin da zai hana ta ƙarasowa ta zauna.

"Inna, ki ci tun da zafi," ta ce.

Ta sake durƙusawa. Wannan karon ba ta iya tashi da kanta ba, sai da Gitae ya kama ta ta hammata. Dalsu ya juya baya yana tari, tarin ya ƙi ƙarewa, yana share fuska da hannun kwat.

Bayan an ba baƙuwar lokacin cin abincinta, suka zare cokalin, suka zauna a kan tabarmar suka raba abin da ke teburin, kamar yadda ake yi. Jomrye ta ci ɗaya, ta ci ta biyu.

"Ba laifi," ta ce. "Amma gishirin ya yi kaɗan."

"Ke dai harshenki ya mutu tun a gidanku." Okbun ta tura wa Dalsu babba, ta juya wajen ɗansa. "Kai Gitae, baɗi tun ana gobe za ka zo, kai da matarka. Jiƙon wake ba a koyon sa a waya. Kuma kai za ka juya dutsen, kafaɗata ta gaji."

"To, Gwaggo."

"Ubanka zai shuka waken."

Dalsu ya ɗago ya dube ta. Ba ta kalle shi ba, tana tattara kwanuka.

"Ka ji abin da na ce. Ka ware iri tun yanzu, kada matarka ta dafe shi."